Kara Suka Yi Mana

Ni na ɗora mahaifina a intanet. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce na wanke kaina na jibga wa mutanen garinmu laifin gaba ɗaya. Nawa laifin yana nan, zan zo kansa. Amma nasu ne ya fi ci mini rai, kuma shi ya zaunar da ni rubutun nan.

Mahaifina malamin zaure ne a wani ƙauye ta wajen Badafi, a ƙasar Kiru. Manya yake karantarwa. Bayan la'asar manoma su wanke ƙafa su shigo da littattafansu, Fulanin rugagen kusa su jingine sanduna a bakin ƙofa, ranar Asabar kuma masunta su hawo acaɓa daga Tiga, wani lokaci da ƙullin busasshen kifi. Idan azumi ya kama, shi ke zama tafsiri a masallacin Juma'ar garin, tun ban iya ɗaura zani ba. Ba shi da mota, ba shi da bene. Gonar dawa gare shi da 'yar fadamar albasa, sai sunansa. A yankinmu idan aka ce "Malam ya ce", magana ta ƙare, ko rikicin iyakar gona ne.

Ni ce 'yarsa ta fari. Ina aure a cikin Kiru, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Lokacin da yanar ido ta fara rufe masa gani, muryarsa kuma ta fara shaƙewa, sai tsoro ya kama ni: wata rana duk abin da ke cikin kan nan zai bi shi rami ɗaya. Na sayi 'yar na'urar ɗaukar murya. Duk ƙarshen mako in je gida, in ɗora ta a kan akwatin littattafansa kafin ɗalibai su iso, in koma ciki wajen Inna. Har yau idan ka saurari darussan za ka ji zakara, ka ji akuya, ka ji tarin wani tsoho da ba ya fashi. Baba yakan shafa na'urar da yatsa ya ce, "Ke, wannan ɗalibin naki ba ya gyangyaɗi? To ya fi na zauren nan."

Tsofaffin ɗalibansa da zama ya kai Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suka ji labari, suka dame ni da aike, kowa a zuba masa a waya. Na gaji, na ce bari in buɗe shafi a intanet kowa ya je ya ɗauka. Sunan Baba na sa wa shafin, cikakke, har da na kakana. Da na kai masa maganar ya ce, "Sunana za ki kai kasuwar da ba ni da rumfa a cikinta? Wa zai tsare min shi?" Na ce ni. Na cika baki na ce ai aikina ke nan, shi nake koya wa 'ya'yan mutane. Na ƙara da cewa sadaka ce mai gudana, ko bayan ransa ana saurare yana samun lada. Da wannan na ci galaba a kansa. Ya ce to, Allah ya sa alheri.

Ga laifina. Shafin yana buƙatar wata 'yar manhaja da za ta sa mutum ya latsa ya ji murya nan take. Ta kirkin sayar da ita ake yi. Na shiga bincike, sai ga wani wuri a can saman sakamako yana cewa ga ta nan kyauta, an cire mata kulle. Ban tambayi kaina wane ɗan albarka ne zai wahala ya fasa kullen kayan mutane ya raba wa duniya fisabilillahi ba. Na sauke, na ɗora, ta yi aiki, na yi ta yaba wa wayona. Ni ɗin da kowane zango nake tsayawa gaban allo ina ce wa 'yan mata kada su ɗauki abin da ba su san asalinsa ba. Ko sabunta shafin ban ƙara yi ba, tunda yana tafiya lafiya. Akwatin saƙon da na buɗe musamman dominsa ma na manta da shi.

Mutanenmu ba sa rubuta adireshin shafi. Wa ke da lokacin ɗigo da sanda? Sunan Malam suke rubutawa a wurin bincike, wanda bai iya boko ba ya danna alamar magana ya faɗi sunan da baki, duk abin da ya fito a sama shi za su latsa. Ni kuwa adireshin yana ajiye a kwamfutata, da kalmar sirrina nake shiga. Ban taɓa neman sunan ubana a bincike ba. Me zai sa, ni da ko a baki ba na iya kiransa?

Wajen girbin dawa, a shekara ta biyu, zauren ya fara raguwa. Baba ba ya gani sosai, amma yana ƙirga sallama. Ya ce mini masuntan Tiga sun yi Asabar uku ba su zo ba. Na ce ƙila kifi ne ya yi musu yawa. Waɗanda suke zuwa kuma sai gaisuwarsu ta ƙara tsawo: "Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara wa Malam lafiya, Allah ya rufa wa Malam asiri duniya da lahira." Su durƙusa har ƙasa, su tashi su tafi ba su buɗe littafi ba. Ban taɓa ganin ana girmama shi kamar a watannin nan ba.

Ni ma na sha nawa ban gane ba. Na shiga gidan suna, mata suna ta hira, suka yi tsit kamar ruwa ya ci su. Wata ƙawar Inna ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, ki riƙa lura da mahaifinki, tsufa sai a hankali." Na ce ai muna shirin kai shi Kano a duba masa idon. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kyauta." Wani abokin aikina ya tambaye ni, yana kallon takalminsa, wai shafin nan namu yana nan dai? Na ce yana nan, ci gaba ma yake yi. Gaskiya na faɗa a iya sanina, don masu ziyara sun ƙaru, har daga ƙasashen da ban san da Bahaushe a cikinsu ba. Na riƙa yawo da labarin gida-gida ina washe baki, ina cewa karatun Baba ya tsallaka teku. Yanzu idan na tuna yadda suke jina, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana saura kwana goma azumi, dattawan masallaci su biyar suka zo zauren. Shugabansu abokin Baba ne tun suna samari, Baffa nake kiransa. Ina jin su ta bayan ƙofa. Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya ce jama'a sun duba, sun ga Malam ya yi hidima, ga ido, ga jiki, ya kamata bana ya huta. Akwai ɗalibinsa da ya dawo daga karatu, sai ya riƙe tafsirin. Baba ya ce, "Madalla. Ai na gida ne. Allah ya yi masa jagora." Ya sa aka kawo musu fura. Bayan sun tafi na shiga ɗaukar kwanuka, na same shi yana shafa bangon littafin da ke cinyarsa. Bai juyo ba ya ce, "Shekara shida ke nan da ka nake yin tafsirin. Yau suka san da idona?" Na fito tsakar gida ina ta faɗa, na ce hassada ce, na ce siyasa ce. Inna ta ce in rufe mata baki, maƙwabta suna ji. Azumin nan Baba a gida ya yi shi, salla kawai ke fitar da shi.

Wanda ya fasa ƙwan wani dattijon Bafulatani ne, ɗalibin Baba, mai shanu da 'yar gonar maiwa. Bayan ƙaramar salla, wata ranar kasuwa da hantsi, ya yi sallama a gidanmu na Kiru ya nemi maigidana ya kira ni. Na fito soro na gaishe shi. Ya ciro waya daga aljihu, ya kifa ta a kan tabarma, ya tura wa maigidana da yatsa ɗaya.

"Useni, don Allah, Malama," ya ce, "an ce ke kika san ciwon waya. Shaiɗan ya shiga tawa. Ina faɗa mata sunan Modibbo, maimakon ta kawo min karatu, sai ta kawo abin da ba ya faɗuwa." Modibbo shi ne Baba, haka Fulani suke kiransa. "Wannan ta biyu ce. Ta farko na jefa ta a matacciyar rijiya, na yi azumi uku, na ce ko wani zunubi nawa ne ya bi ni. Na sake wata, ita ma ga shi."

Maigidana ya ɗauki wayar ya rubuta sunan Baba a wurin bincike. Na leƙa ta kafaɗarsa. Sunan ya fito a sama, adireshin kuma namu ne. Amma a ƙarƙashinsa, inda ya kamata a ga jerin darussa, tallan caca ne da Turanci, da wani rubutun da ban ma san na wace ƙasa ba ne. Ya latsa. Adireshin ya yi tsalle sau biyu ya dire a wani wuri daban. Mata ne, ba sutura. Sauran ba zan rubuta ba. Wani akwati kuma ya buɗe yana cewa wayar ta kamu da cuta, a latsa nan a sauke magani. Maigidana ya kife wayar da sauri. Dattijon tun kafin a fara ya juya fuskarsa bango.

Na ce, "Kawu, tun yaushe?"

"Tun ana yankan dawa."

"Ba ka tambayi kowa ba?"

"Na tambayi mutum uku a ƙofar zaure. Kowa ya ce tasa lafiya lau, ya kau da kai. Shi ya sa na san daga wajena ne."

A duk waɗanda suka gani, shi kaɗai ne ya zargi kansa.

Na ruga ɗaki na buɗe kwamfutata. Shafin ya fito tsaf, ga darussa a jere, ga muryar Baba. Na koma wayar dattijon, ga ƙazanta. Sai da na yi haka sau uku kafin kaina ya ɗauka. Abin da aka dasa a ciki yana duba ta inda mutum ya shigo. Idan mai shafin ne, ko wanda ya rubuta adireshi kai tsaye, ya nuna masa fuskar kirki. Idan ta bincike ka biyo, ya karkatar da kai. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan yoyon an yi shi ne musamman don kada mai ɗaki ya gani. Na buɗe akwatin saƙon da na manta, na tarar da gargaɗi har huɗu daga kamfanin binciken, cewa an ga abin cutarwa a shafina. Na'ura ta gaya mini sau huɗu, ni ce ban duba ba. Mutanen da suka sha ruwa a hannuna ko sau ɗaya ba su gaya mini ba.

Kafin dattijon ya tafi na cire masa muguwar manhajar da ta shiga wayarsa tana cinye masa data. Na ce masa ba shaiɗan ba ne, ba kuma zunubinsa ba ne, nawa ne. Ya yi godiya da Fulatanci, ya tambaya yaushe karatu zai dawo.

Mako biyu na yi a kusurwar tsakar gida, kusa da turken tumaki, inda sabis ya fi ƙarfi. Na fara da rufe shafin. Na rubuta wa kamfanin da ke ajiye mana shi, suka aiko mini da jerin fayilolin da suke zargi. A saman kowanne an liƙa dogon layi na haruffa da lambobi a cakuɗe. Na tarar da wani mai kula da shafi da ban taɓa naɗawa ba, ikonsa daidai da nawa, yana ciki tun damina. Na kore shi, na tumɓuke manhajar kyautar nan, na goge komai na sake zuba sabo, na canza duk kalmomin sirri. Darussan kawai na bari, don su na yarda da su. Na buɗe shafin, na ari wayar maigidana na nema kamar baƙuwa. Lafiya lau. Na yi sujadar godiya.

Bayan kwana biyu ƙazantar ta dawo. Ranar na yi kuka, na zagi mutanen da ban san da wane yare suke jin zagi ba. Da na huce na shiga cikin darussan, na jera su bisa nauyi. Darasin Baba mafi gajarta ya fi rabin awa, don haka kowanne da nauyinsa. Sai ga ɗaya a can ƙasa, da kyar ya fi saƙon tes. Ya ari sunan darasin da ke kusa da shi ya saje. Babin tsarki ne, darasi na tara. Nan ɓarawon ya bar wa kansa ƙofa, duk lokacin da aka share ya dawo. Na goge shi, na sake aikin daga farko.

Kamfanin binciken yana da wurin da ake rubuta koke: ga abin da ya same ni, ga abin da na gyara, a sake dubawa. Na rubuta. Cikin 'yan kwanaki suka amsa cewa sun duba, sun cire gargaɗin. Tallan cacar da ke ƙarƙashin sunan ya riƙa ɓacewa kaɗan-kaɗan, kafin wata guda sakamakon ya koma yadda yake. Ba su san ni ba, ba su san Baba ba, ba su ji nauyin kowa ba. Sun faɗi laifin, na gyara, sun janye.

Saura gaya wa Baba. Na so in aika maigidana, ya ce wannan ba maganar suruki ba ce. Tsakanina da Baba akwai kunyar 'yar fari, ko sunana ba ya kira. Na same shi da hantsi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa daga nesa, idona a kan tabarma. Na ce an shiga shafin, an rataya caca da hotunan banza a ƙarƙashin sunansa, kuma sakacina ne.

Ya ce, "Wa ya yi?"

"Tarko suka ɗana wa kowa da kowa, Baba, ni na taka. Ba su san ka ba, ba su ma san akwai garin nan ba."

"To wannan ba ni da magana da shi. Ɓarawo sana'arsa ya yi. Su wa suka gani?"

"Duk wanda ya nemi karatun ta waya."

"Wata nawa?"

"Shida, ko bakwai."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Kullum suna zuwa suna gaishe ni." Bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga nan gidan Baffa na zarce, da kwamfuta a jaka. Ya karɓe ni a soro da fara'a. Na zayyana masa komai. Ya saurara yana kaɗa kai, ko kallon kwamfutar bai yi ba.

Ya ce, "Ikon Allah. Ai mu dama ba mu ce komai ba."

"Amma kun gani, Baffa."

"An gani. Mutane suna ta faɗe-faɗe, wasu su ce biyanku ake yi, wasu su ce tsufa ne ya zo da gardama, wasu su ce ke ce kika rufe shi. Mu muka hana a ɗaga murya."

"Me ya hana ku tambaye shi? Me ya hana ku aiko a kira ni?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba, 'yar nan. Wa ke da bakin da zai kalli Malam ya faɗa masa wannan? Ke kuma mace, matar aure, in nuna miki wancan abin? Kara muka yi masa. Kara muka yi muku ku duka."

Kara. Tun ina yarinya ake koya mini ita: ka ga abu ka kau da kai, ka danne hakkinka don kada wani ya ji kunya, ka ci miya ba gishiri ka ce ta yi daɗi. A da ina alfahari da ita, ina cewa ita ta raba mu da marasa ta ido. Ranar nan na ji na tsane ta. Tsakanin kara da ƙara a rubuce lanƙwasa ɗaya ce a kan harafin farko. Da ƙararsa suka kai, ko gaban mai gari ne, da an kira shi an tambaye shi, an kira ni, a yini ɗaya an gano bakin zaren. Sai suka yi masa kara. Suka yanke hukunci, suka zartar, suka zo suka durƙusa suna gaishe shi.

Na ce to yanzu gaskiya ta fito, a bar maigidana ya tashi bayan sallar Juma'a ya yi wa jama'a bayani. Baffa ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! A masallaci? Abin da Allah ya rufe ke za ki tona? Ai sai wanda bai ji ba ma ya ji. Ki bar kaza cikin gashinta." Na ce tafsirin fa? Ya ce an riga an ba wa wani, shi ma mai mutunci ne, ba za a kunyata shi ba. Na fito ko sallama ban yi ba. Wannan kam ba a yi mini kara ba, kafin la'asar gari ya ɗauka.

Na yi gaban kaina. Na rubuta bayani na liƙa a fuskar shafin, na ɗauki muryata na tura wa ɗaliban da nake da lambarsu. Biyu suka amsa, suka ce Allah ya kiyaye gaba. Sauran shiru. Wanda ya taɓa latsa sunan a gaban iyalinsa ya ga abin da ya gani, ba zai sake latsawa don ya ga ko an gyara ba. Da Baba ya ji ina shirin bin gidaje, ya sa Inna ta kira ni. Ya ce, "Ki bari. Abin da ba a faɗa ba, ta ina za ki ƙaryata shi? Duk wanda kika je wa zai ce bai taɓa zato ba, ki dawo kin ƙara masa abin hira." Na ce to a rufe shafin mana. Ya ce, "A'a. Bafulatanin nan yana ji."

Ya ci gaba da karantar da mutum biyar-shidan da suka rage. Biyu daga masuntan Tiga suka dawo, sauran ba su dawo ba. Azumin da ya biyo baya ya sa aka riƙa kai shi masallaci, ya zauna jikin ginshiƙi ya saurari ɗalibinsa. Maigidana ya ce idan ya shigo sai a yi ta matsa masa, a bar masa fili ta kowane gefe, wai girmamawa. Ni kuma duk Juma'a sai na ari wayar wani na nemi sunan ta bincike, na latsa, na tabbata karatu ne ya fito. Har yau ina yi. Ban ƙara ganin ko ɗigon datti ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata.

Damina biyu bayan haka Baba ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Jana'izar ta cika, har daga Doguwa aka zo da motoci. Muna zaune a ɗakin Inna, mata suna shigowa suna gaisuwa. Ranar uku matar Baffa ta shigo. Tsohuwa ce mai kirki, ita ta zauna da ni a haihuwata ta fari. Ta kama hannuna da nata biyu tana hawaye, hawayen gaske.

Ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Mutum tara yake, bai cika goma ba. Mu dai mun rufa masa asiri har ya koma ga Mahaliccinsa, ko sau ɗaya bai ji a bakinmu ba. Allah ya yafe masa, ya sa karatun da ya bayar ya rinjayi wancan."

Matan ɗakin suka ce amin. Bayanin gaba ɗaya yana bakina, na haddace shi kamar karatu. Amma sa'ar uwata ce, a ɗakin makoki, hannuna yana cikin nata, Inna kuma tana kallona.

Na sunkuyar da kai na ce, "Amin. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Haba, ba komai. Ai yi wa kai ne."